Gudu a tuddan San Gimignano: ta ina baƙo zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Siyena ta ƙasar Italiya, wata huɗu ke nan da zuwana. A gida Kano nakan yi gudun kilomita 10 sau uku a mako ba tare da wata wahala ba. Makon jiya na je garin San Gimignano na gwada gudu a bayan gari, kilomita 8 kacal, amma da ƙyar na dawo, kuma kwana uku ban iya sauka daga bene ba sai da dafa bango. Me na yi ba daidai ba, kuma waɗanne hanyoyi ne suka dace da baƙo a wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da jiki. Ka kwantar da hankalinka, ba ƙarfinka ne ya ragu ba, kuma ba ciwo ka ji ba. Zubin garin ne ya yaudare ka, kamar yadda ya yaudare ni a shekarata ta farko a Toskana, yankin da Siyena da San Gimignano suke ciki, kuma har yau duk wanda na fita da shi karon farko sai na ja masa kunne a kan abu guda kafin mu ɗaura takalmi: garin a kan tudu yake, don haka duk hanyar da ka ɗauka da gangara za ka fara, da hawa za ka ƙare.

A Kano ka saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya. In ka tafi kilomita 5 ka juyo, wahalar dawowa kusan ɗaya take da ta tafiya. Ko da Dala ko Goron Dutse mutum ya je, hawa yake farawa da shi da sauran ƙarfinsa, ya sauko daga baya. A San Gimignano, wanda ake furtawa San Jiminyano, abin a juye yake. Garin na zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 324 daga teku, yana kallon kwarin kogin Elsa. Kana fita daga ƙofar gari ƙasa ta fara jan ka. Ƙafa ta yi sauƙi, numfashi bai tashi ba, agogo yana nuna maka saurin da ba ka taɓa yi a gida ba, sai ka ɗauka yau jiki ya yi daɗi. Ba jiki ba ne, gangara ce ke ba ka bashi, kuma a kan hanyar dawowa za ka biya, lokacin da rana ta ɗaga, ruwanka ya ƙare, hasumiyoyin garin kuma suna can sama kana ganinsu kamar ka miƙa hannu ka taɓa alhali da sauran tafiya.

Tsamin cinyar da ya hana ka sauka daga bene ma aikin gangarar ne, ba na hawan ba, ko da yake yawancin mutane hawan suke ɗora wa laifi. In kana sauka da gudu, naman gaban cinya ne ke taka maka birki. A kowane taku yana miƙewa alhali yana ɗauke da nauyinka, irin wannan aikin kuwa yana yi wa zaruruwan nama ƙananan yaga da ido ba ya gani. Ba a jin zafin nan take. Sai washegari yake tasowa, ya fi tsanani a kwana na biyu, ya lafa cikin kwana huɗu ko biyar. Abin da zai faranta maka rai shi ne jiki na saurin koyon wannan darasi. In ka koma ka yi gangara iri ɗaya bayan mako guda ko biyu, tsamin da za ka ji ba zai kai na farko ba. Amma in zafin a cikin gwiwa yake, ko akwai kumburi, ko ya wuce mako bai sauka ba, wannan ba tsamin jiki ba ne, ka je a duba ka.

Yana da kyau ka san abin da ya sa garin ke can sama, domin tarihin ne ya shata hanyoyin da za ka bi. A zamanin da, babbar hanyar masu ziyarar ibada da fatake daga arewacin Turai zuwa Roma, wadda ake kira Via Francigena, ta kan tuddai take bi a wannan yanki, kuma ta tsakiyar garin take ratsawa. A shekarar 990 babban limamin cocin Kantabari ta Ingila, Sigeric, ya rubuta zangunan da ya yada a hanyarsa ta komawa gida daga Roma, San Gimignano na cikinsu. Garin ya yi arziki da baƙi da cinikin za'afaran, manyan gidaje suka shiga gasar gina hasumiya don nuna isa, har aka ce sun kai 72. Yau 14 suka rage, mafi tsayinsu Torre Grossa mai mita 54. Annobar 1348 ta karya garin, a 1353 ya miƙa wuya ga birnin Fulorans, babbar hanya kuma ta koma kwari ta wajen garin Poggibonsi. Da kasuwa ta ƙaurace masa sai ya zama babu mai kuɗin rushewa ya sake gini, shi ya sa ya tsaya yadda yake har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1990. Ga mai gudu, ribar wannan ita ce manyan motoci suna can ƙasa, tsofaffin hanyoyin ƙafa da na dabbobi kuma suna nan a kan tuddai da alamominsu.

To, ga yadda zan so ka fara. Zuwanka na gaba kada ka bar gindin ganuwa. Akwai hanyar ƙafa da ta zagaye ta ta waje, tsawonta ya ɗan haura kilomita 2. Ka kama daga Porta San Giovanni, wato ƙofar kudu inda bas ke ajiye mutane, ka zagaya ta Porta San Matteo da ke arewa ka dawo. Ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da ɗan hawa da sauka da matakala nan da can, amma babu inda za ta kai ka nesa da ruwa ko mutane. Zagaye uku ya ishe ka a ranar. In ka ga da sauran ƙarfi, ka sauka ta Porta delle Fonti zuwa tsofaffin wuraren ɗiban ruwa da wanki na garin, ka hawo. Gajeriyar hanya ce mai tsananin tsayi, kuma a nan nake koya wa mutane hawa: a hau da sassarfa minti ɗaya, a sauko da tafiya, a maimaita sau biyar ko shida. Cikin gari kuwa ba wurin gudu ba ne sai da sassafe. Da hantsi ya yi motocin masu yawon buɗe ido sun iso, titin da ya tashi daga ƙofar kudu zuwa dandalin Piazza della Cisterna ya cika maƙil, daɓen dutsen kuma santsi gare shi in ya jiƙe.

Hanya ta biyu ita ce ta arewa, kuma ita na fi ba baƙo. Ka fita ta Porta San Matteo ka bi alamun Via Francigena zuwa Pieve di Cellole, wata tsohuwar coci da ke tsakiyar dogayen itatuwa masu tsini, kimanin kilomita 4 daga gari. Sashen farko kwalta ne da motoci, don haka ka riƙe gefen hagu kana fuskantar masu tahowa, ka kuma kula a kwana domin titunan nan ba su da kafaɗa. Daga Cellole hanya ta shiga daji ta ɗan ƙauyen Collemucioli ta kai ka Pancole, inda titi ya bi ta ƙarƙashin ginin coci ta wata ƙofa mai baka. In ka juyo daga Cellole ka yi kilomita 8, in daga Pancole ne wajen 12 zuwa 13. Akwai sufaye Kirista da ke zaune a Cellole, masu son shiru ne, saboda haka in ka iso harabar ka rage gudu ka wuce da tafiya. Wanda ya zarce zai kai Gambassi Terme a kimanin kilomita 13 daga San Gimignano, sai dai ka tuna dawowar ma 13 ce.

Ta kudu ita ce wadda na fi ƙauna, ita ce kuma ta fi cin mutane. Daga Porta San Giovanni za ka bi ta gefen gidan sufaye na Monte Oliveto wajen ƙauyen Santa Lucia, daga nan kwalta ta ƙare, ka faɗa hanyar ƙasa tsakanin gonakin inabi da zaitun. Hanyar ba ta san miƙewa ba. Ta sauka cikin kwari, ta tsallaka rafi, ta hau tudu, ta sake sauka, haka har wajen Torraccia di Chiusi da Molino d'Aiano. Duk tudun da ka hau in ka waiwaya za ka ga hasumiyoyin garin a jere a bayanka, kuma da asuba, lokacin da hazo ya kwanta a kwari su kaɗai ke tsaye a sama, ban san wani wurin gudu da ya kai shi kyau ba. Amma rafukan nan a kan duwatsu ake tsallaka wasunsu. In an kwana ana ruwa suna cika, ƙasar wurin kuma yumɓu ce, tana manne wa takalmi har ka ji kamar bulo ka ɗaura. Ranar da aka yi ruwa ka bar wannan hanya, ka koma ta arewa.

Wannan hanyar ta kudu ita ce ke zarcewa har Monteriggioni, kimanin kilomita 30, wani ɗan gari da mutanen Siyena suka kewaye da ganuwa mai hasumiya 14 a farkon ƙarni na 13 don tsare iyakarsu da Fulorans. Daga can zuwa Siyena kuma wajen kilomita 20 ne. Ba na wannan watan ba ne gare ka, amma ka ajiye shi a rai. Tun da a Siyena kake zaune, wata rana kana iya hawa mota zuwa Monteriggioni ka dawo gida da ƙafa, ka ga babu zancen komawa inda ka faro.

In ƙafa ta gaji da hawa, ka je garin Colle di Val d'Elsa. Akwai hanyar ƙafa a bakin kogin Elsa mai suna Sentierelsa, cikin inuwa, kusan babu tudu, tana wucewa ta inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a Diborrato. Gajeriya ce, ta hutun ƙafa.

Yanzu batun lissafi, domin a nan ne kuskurenka yake. A ƙasar tuddai kilomita kaɗai ba ta gaya maka komai. Masu gudun duwatsu suna da ƙiyasi mai sauƙi: duk mita 100 na hawa ka ɗauke shi kamar ƙarin kilomita 1. In hanyarka ta kilomita 8 tana da hawan mita 300 gaba ɗaya, to aikin kilomita 11 ka yi, ban da dukan da gangara ta yi wa cinya. Don haka kafin ka fita ka duba abu biyu a taswirar wayarka, nisa da jimillar hawa, ka kuma sauke taswirar tun kana gida domin sabis na ɗaukewa a cikin wasu kwaruruwan. Sannan ka raba lokacinka kashi biyar, biyu na tafiya, uku na dawowa. In awa ɗaya gare ka, minti 24 na cika ka juya, ko da jiki na roƙonka ka ƙara. Na san da wuya, domin a daidai wannan lokacin ne mutum ke jin kamar zai iya kaiwa Roma.

Ka kuma daina kallon saurin da agogo ke nunawa. Numfashinka ne ma'auni. In kana iya faɗin jimla guda cikakkiya ba tare da haki ya katse ka ba, kana daidai. A hawa ka gajarta taku, ka ɗan karkata gaba tun daga idon sawu ba daga ƙugu ba, hannuwa su yi aiki, ido na kallon taku biyar ko shida a gabanka maimakon ƙolin tudu. Inda tsayin ya yi yawa har gudunka bai fi tafiya sauri ba, ka yi tafiyar, ka dafa cinya da hannu kana turawa. Samarinmu na jin kunyar wannan, suna ganin kasawa ce. Manyan masu tseren duwatsu haka suke yi, domin ƙarfin da ka adana a nan shi za ka yi gudu da shi in ƙasa ta kwanta.

A gangara kuwa kuskuren da kowa ke yi shi ne jingina baya da miƙa ƙafa can gaba a dira a kan diddige. Wannan shi ne birkin da ya ci maka cinya. Ka bar jikinka a saman ƙafafunka, taku gajeru masu sauri, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe kaɗan don daidaito. Yawancin hanyoyin karkarar nan irin waɗanda suke kira strade bianche ne, wato fararen hanyoyi, burji ne na farar tsakuwa. Da rani tsakuwar na kwance sako-sako a kan ƙasa mai tauri, tana gangarewa a ƙarƙashin ƙafa, musamman a kwana. Ka bi sawun tayar mota inda ƙasa ta daddale, ka guji tsakiya da gefe inda tsakuwa ta taru. Takalminka na kwalta zai yi maka a busasshiyar rana. In za ka riƙa zuwa da damina da hunturu, ka nemi mai haƙora a tafinsa, kuma ya ɗara ƙafarka kaɗan, in ba haka ba gangara za ta riƙa tura yatsunka gaba har farce ya yi baƙi.

Akwai abubuwan da taswira ba za ta nuna maka ba. Na farko karnukan makiyaya. A inda ake kiwon tumaki za ka iya haɗuwa da manyan fararen karnuka da aka bar su su tsare garke, sau da yawa babu mutum a kusa. Ba mugaye ba ne, aikinsu suke yi, amma mai gudu a idonsu abin kora ne. Da ka hango tumaki ka koma tafiya, kada ka ratsa garken, kada ka ɗaga sanda ko ka yi jifa, ka ba su fili ka zagaye, in kuma sun tare hanya ka juya. Na taɓa ƙara kusan kilomita 3 a kan hanyata saboda haka, kuma da za a sake zan sake. Na biyu mafarauta. Lokacin farauta a Italiya na kamawa daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Janairu, kuma farautar aladen daji da ake yi a ƙungiya da karnuka da bindigogi ta fi yawa a watannin sanyi. Doka ta hana farauta ranakun Talata da Juma'a, don haka su ne ranakun shiga daji da kwanciyar hankali. A sauran ranaku ka sa riga mai launin lemo ko ja, in ka ga allon gargaɗi a bakin daji ko motoci a jere da mutane masu rigunan lemo, ka canza hanya. Aladen dajin kansu da asuba da magariba suke fitowa, yawanci su ke gudun mutum, sai dai uwa mai 'ya'ya a ba ta wuri. Da bazara kuma akwai kaska a cikin doguwar ciyawa, ka duba ƙafafunka in ka dawo, akwai kuma maciji mai dafi da ke shan hantsi a kan duwatsu, kada ka sa hannu cikin tsohuwar katanga.

Ruwa ka ɗauko shi daga gari. Da ka fita ganuwa famfo ya yi wuya, wanda ka gani an rubuta non potabile a jikinsa kuma ba na sha ba ne. Kada ka ce kai ɗan Kano ne zafin Turai ba zai yi maka komai ba. A Yuli da Agusta zafi na haura digiri 30 sosai, farar hanya na mayar da hasken rana fuska, tsakanin gonakin inabi kuma babu inuwa. Da rani ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin ƙarfe tara. Da hunturu rana na faɗuwa kafin biyar na yamma, saboda haka gudun la'asar na bukatar fitilar goshi da riga mai ƙyalli. Watannin da suka fi daɗi su ne Afrilu, Mayu da Oktoba. A Satumba ana tsinkar inabi, taraktoci na yawo a ƙananan hanyoyi. Gonakin nan duk na mutane ne, ka tsaya kan hanya mai alama, wato fenti ja da fari a jikin dutse ko itace, ko ɗan hoton matafiyi da sanda, kuma kada ka tsinki komai ko da ya rataya a kan hanya.

Abu guda da nake gaya wa duk ɗan uwanmu: kada ka fita ba tare da takardarka ba. Doka ta ba jami'an tsaro damar tambayar baƙo fasfo da izinin zama, kuma baƙar fata mai gudu shi kaɗai a karkara da asuba ido na kansa. Ka sa katin a aljihun wando cikin 'yar leda saboda gumi. Ka riƙa gaida manoma da tsofaffin da ka tarar, buongiorno guda ɗaya na sauya fuskar mutum, kuma bayan zuwa uku ko huɗu su da kansu za su fara ɗaga maka hannu. Lambar gaggawa 112 ce. Ka gaya wa abokin ɗakinka hanyar da ka bi da lokacin da za ka dawo.

Jirgin ƙasa ba ya hawa San Gimignano, a Poggibonsi yake tsayawa, daga nan sai bas. Ranar Lahadi bas ɗin na raguwa ƙwarai, ka duba na dawowa tun kafin ka tashi, ka kuma tafi da busasshiyar riga a 'yar jaka.

Ga abin da zan sa ka yi a makonni shida masu zuwa. Mako biyun farko zagayen ganuwa da ɗan hawan Fonti kawai, sau ɗaya a mako, sauran gudunka ka yi shi a Siyena, wadda ita ma a kan tuddai take kuma za ta horar da kai ko ba ka nema ba. A gida ka riƙa sauka daga matakala guda da ƙafa ɗaya a hankali, kana ƙirga uku kafin ɗayar ta taɓa ƙasa, sau goma kowace ƙafa, kwana biyu a mako. Mako na uku da na huɗu ka je Cellole ka dawo. Na biyar ka kai Pancole. Na shida, in an yi kwana uku babu ruwa, ka shiga hanyar kudu da agogo a hannu, ka juya a minti na 30 ko a ina ka samu kanka. In wannan ta karɓe ka, akwai tseren Terre di Siena da ake yi wajen ƙarshen Fabrairu, yana ƙarewa a dandalin Piazza del Campo da ke Siyena: kilomita 50 daga San Gimignano, 32 daga Colle di Val d'Elsa, 18 daga Monteriggioni. Na 18 ɗin zai yi maka a karon farko. Shiga gasa a Italiya na bukatar takardar likitan wasanni bayan an gwada zuciyarka, kuma samun layin ganin likitan kan ɗauki lokaci, don haka ka nema tun da wuri. In ka dawo daga Cellole ka rubuto mini minti nawa tafiya ta ci, minti nawa dawowa, da yadda cinya ta kwana, daga nan sai mu san abin da za mu ƙara.